Albasar Galmi ba ta ari sunan kowa ba

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙwanni ta nufi Madawa a watan Maris ko Afrilu, hancinsa zai gaya masa inda ya iso tun idonsa bai gani ba. Daga Tsarnawa zuwa Malbaza, daga Malbaza zuwa Galmi, buhunan albasa ne jere a bakin hanya. Manyan motoci suna tsaye ana yi musu lodi. Wasu za su Abijan, wasu Akra, wasu Lome ko Kwatano. A can, matan da ke sayayya a kasuwa ba su taɓa ganin Galmi ba, da yawansu ma ba su san a wace jiha take ba. Amma sun san sunanta, kuma da sunan suke tambaya.

Albasa ba ta da zaƙin mangwaro, ba ta da kyan tumatir. Tana da yaji, tana sa mai yanka ta hawaye, warinta yana kama hannu. Duk da haka ita ce ta kai sunan ƙaramin gari na gundumar Malbaza har bakin teku, ta sa Nijar cikin manyan ƙasashen da ke fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Da halinta na gaskiya ta yi wannan suna. Mai miya ya san in ya saye ta zai samu abin da ya biya.

Akwai darasi a nan ga ɗan makaranta. Mutuncin mutum yana farawa ne daga ranar da ya san kansa, ya san abin da ya iya da abin da bai iya ba, ya kuma daina ɓoye wa kansa gaskiya. Wanda ya gina darajarsa a kan kayan aro kullum cikin tsoro yake, don mai kaya yana iya zuwa ko yaushe. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Lokacin da aka so ɗauke sunan

A birnin Yawunde na ƙasar Kamaru akwai wata hukuma da ake kira OAPI. Ƙasashen Afirka 17 ne suka haɗu a cikinta, har da Nijar. Aikinta shi ne ta rubuta wane ne mai suna kaza, wane ne ya ƙirƙiro abu kaza, don kada wani ya ci gumin wani.

Wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya taɓa kai takarda gaban wannan hukuma. Ya nemi a rubuta masa irin albasa da sunan Violet de Galmi, wato sunan da aka san albasar Galmi da shi a Faransanci. Wajen shekarar 2009 maganar ta fito fili. Manoman albasa na Nijar da ƙungiyarsu ta ANFO suka tashi suka ce ba su yarda ba, hukumomin ƙasa suka goya musu baya. Suka ce wannan iri kakanninsu ne suka zaɓe shi, suka adana shi shekara da shekaru a fadamun Adar da Majiya. Daga ƙarshe kamfanin ya bar sunan, ya sa wa irinsa wani suna dabam.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Domin a tsare sunan sosai, sai da aka zauna aka rubuta ko wace ce albasar Galmi: launinta, siffarta, yajinta, yankin da ake noma ta, da yadda ake noma ta. A shekarar 2023 aka miƙa wa Nijar takardar shaida ta OAPI a kan albasar Galmi, tare da ta kilishin Nijar. Kafin su, tun 2013, barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru da gahawar Ziama-Masenta ta ƙasar Gini sun samu irin wannan shaida.

Abin lura shi ne, da manoman nan ba su san albasarsu ba, da ba su iya kare ta ba. Wanda aka tambaye shi me ya bambanta kayansa da na wani, ya yi shiru yana sosa ƙeya, ya riga ya faɗi shari'a. Haka mutum yake. In bai san ko shi wane ne ba, duk wanda ya zo sai ya laƙaba masa sunan da ya ga dama. Wani ya ce masa daƙiƙi ya yarda, wani ya ce masa gwani ya yarda, alhali babu wanda ya auna shi.

Yadda ake tsare iri

Samun irin albasa aiki ne na haƙuri, don sai an yi shuka biyu. Da farko a yafa iri, a yi dashe, a yi ta ban ruwa har albasa ta yi kai, a cire ta. Daga nan manomi ya zauna ya tsince kawunan da suka fi kyau, masu launin da ya dace da siririn wuya, ya ajiye su. In lokaci ya yi ya sake dasa su, su yi fure, furen ya ba da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi. Su ne iri.

Akwai wani haɗari a wannan aiki. Zuma da ƙudaje suna yawo daga fure zuwa fure. In akwai wata albasa dabam kusa, kamar farar albasa, sai iri ya gauraya. Shekara mai zuwa a ga fangali ɗaya ya fid da ja, ya fid da fara, ya fid da wadda ba ja ba fara ba. Saboda haka manomin kirki yakan zaga garkarsa yana dubawa. Duk wadda ya ga ta saɓa, sai ya tuge ta ya yar, ko da kuwa shi ya dasa ta da hannunsa, shi ya sha wahalar ba ta ruwa.

Wannan tugewa ba ta da daɗi. Ya fi sauƙi mutum ya kau da kai ya ce duk albasarsa mai kyau ce. Amma wanda ya yi haka shekara uku ko huɗu, irinsa ya lalace, maƙwabta su daina saye a wurinsa.

Halin mutum ma garka ne. Akwai abin da ya shuka da kansa, akwai abin da iska da abokai suka kawo masa bai sani ba. Yaro yakan ɗauko ƙarya a wurin wani, ya ɗauko zagi a wurin wani, ya ɗauko raina mutane a wurin wani. In ba ya zagawa yana duba kansa, wata rana sai ya tarar duk sun yi fure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya ɗaga kai ya dubi rufin.

Ƙiba da kumburi

Manoman albasa sun san wani abu game da takin zamani. In aka zuba shi daidai, albasa ta yi kyau. In aka cika shi, musamman farin takin nan da ake kira ure, aka kuma ci gaba da ban ruwa har dab da cirewa, sai albasa ta yi ƙaton kai mai ban sha'awa. Mai kallo ya ce wannan manomi ya iya. Amma cikinta ruwa ne. A sa ta cikin rudu, wato rumbun kara da ake ajiyar albasa, kafin damina ta yi nisa ta fara ruɓewa, ta kuma ruɓar da na kusa da ita.

Ga shi kuwa ribar albasa tana wurin ajiya. Lokacin cirewa kowa yana da ita, kuɗinta ya faɗi. Sai bayan wasu watanni, in ta yi wuya a kasuwa, kuɗin ya hau. Wadda ta yi kumburin taki ba ta kaiwa wannan lokaci. Matsakaiciyar nan mai tauri, wadda ba ta ɗauki ido ba ranar cirewa, ita ke kaiwa.

Akwai kuma wata dabara da wasu ke yi wajen cika buhu. Su zuba ƙanana da masu tabo a ƙasa, su jera manya masu ƙyalli a baki. Mai saye ya duba sama ya biya. Sai mota ta kai Abijan, an zazzage buhu, asiri ya tonu. Mai wannan dabara ya ci riba sau ɗaya. Amma dillali ba ya mantuwa, kuma ba sunan mai buhun kaɗai ke ɓaci ba, har da na garinsu.

Girman kai kumburi ne irin na taki. Yaro ya riƙa cewa ya san komai, gidansu sun fi kowa, shi ba ya kuskure. Ranar jarrabawa ita ce ranar zazzage buhu. Sanin darajar kai kuwa ya yi kama da albasa mai tauri: ba ta da hayaniya, amma tana daɗewa. Ana gane bambancinsu da abu ɗaya. Mai girman kai yana jin haushi in an gyara masa kuskure. Wanda ya san darajar kansa yana godiya, don gyaran bai rage shi da komai ba.

Dutsen Malbaza

Ba albasa kaɗai ce ta fid da sunan wannan yanki ba. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, kuma an gina gidaje da makarantu da yawa a Nijar da shi. Abin da ya sa aka kafa masana'antar a nan shi ne farin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar. Masana sun nuna cewa a zamanin da can, shekaru miliyoyi da suka wuce, teku ne ya rufe wannan wuri. Har yanzu akan tsinci ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse a cikin duwatsun yankin.

Kafin dutse ya zama siminti, sai an fasa shi, an niƙa, an haɗa shi da laka, an gasa cikin wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 1450, an sake niƙawa. A kowane mataki akwai masu ɗiban kaɗan su kai ɗakin awo su gwada. Ba sa cewa ai dutsen garinsu ne, dole ya yi kyau. Aunawa suke yi. In haɗi bai yi daidai ba, su faɗa, a gyara. Da za su rufe ido don kishin gari, da gine-gine sun rushe a kan mutane.

A dubi kuma masu buga bulo. Buhun siminti kilo 50 ne. Mai gaskiya ya san adadin bulon da buhu ɗaya zai fitar, ba ya wucewa. Mai son banza ya ƙara yashi don ya samu bulo da yawa. Ranar da aka buga su, duk kamarsu ɗaya, babu mai iya rarrabewa daga nesa. Amma a sa farce a kankare, ko a jira ruwan Agusta. Ɗaya ya tsaya, ɗaya ya zube kamar garin tuwo.

Yaron da ya kwafi amsar maƙwabcinsa ya samu goma bisa goma, bulon yashi ya buga. Makin yana nan cikin littafi, kowa ya gani. Amma aji na gaba za a ɗora masa gini a kai.

A cikin aji

Akwai kalmomi uku da suka fi nauyi a bakin ɗan makaranta: ban gane ba. Malam ya gama bayanin rabawa a allo, ya juyo ya ce kowa ya gane? Aji duka ya amsa da ƙarfi. Alhali a cikinsu akwai goma ko fiye da ba su san inda aka dosa ba. Kowanne yana tsoron a yi masa dariya. Kowanne yana zaton shi kaɗai ne bai gane ba.

In aka samu yarinya ɗaya ta ɗaga hannu ta ce, Malam, a sake, ban gane ba, wataƙila biyu ko uku su yi dariya. Amma sauran a zuciyarsu godiya suke mata. Ita kuwa ta koma gida da rabawa a kanta. Masu dariyar su koma da dariya. Wanda ya zo wanka ba ya ɓoye cibiya, kuma makaranta wurin wanka ne. Ba don waɗanda suka riga suka sani aka gina ta ba.

Sanin kai yana da fuska ta biyu, wadda ake yawan mantawa. Akwai yaron da ya iya, amma ya saba cewa bai iya komai ba. An taɓa ce masa daƙiƙi a aji ɗaya, ya riƙe kalmar kamar sunan yanka. Ga shi kuwa shi ke lissafa wa mahaifinsa kuɗin buhu a kasuwa da ka, ba ya kuskure. Shi ke kwance injin ban ruwa ya mayar. Wannan yaro ma ƙarya yake yi wa kansa, ƙarya mai rage shi. Wanda ya ce buhunsa ruɓaɓɓe ne alhali mai kyau ne, shi ma bai faɗi gaskiya ba, kuma shi zai yi asara.

Saboda haka awo na gaskiya ya ƙunshi duka biyu. Yaro ya iya cewa: lissafi na iya shi, karatu ina tuntuɓe, rubutuna ba shi da kyau, amma ba na mantuwa da abin da na ji. Mai irin wannan magana ya san inda zai sa ƙarfinsa gobe.

Manya ma suna da nasu alhaki a nan. Yaron da ake duka duk ranar da ya ce bai gane ba, zai koyi yin shiru. Wanda ake yi wa kyauta saboda maki kawai, ba a tambayar yadda ya same shi, zai koyi kwafi. Malamin da ɗalibi ya yi wa tambaya mai wuya, ya ce zai bincika ya kawo amsa gobe, ya koyar da darasin da ya fi na ranar amfani.

Sana'ar uba da harshen uwa

Akan ga yaro ya yi shekara uku ko huɗu a makaranta, sai ya fara jin kunyar gidansu. A tambaye shi sana'ar mahaifinsa, ya yi ƙasa da murya. Ba ya son a san ɗan manomi ne, ko ɗan maƙeri, ko ɗan mahauci. Ba ya son abokai su gan shi da taɓo a ƙafa yana ban ruwa. Ya manta cewa kuɗin littafinsa da rigarsa daga wannan taɓon suka fito. Ya manta cewa kilishin da mahauta ke shanyawa a rana ya samu takardar shaida daidai da albasa.

Haka wasu ke yi da harshe. In yaro ya tsinci kalmomin Faransanci ashirin, sai ya riƙa jefa su cikin magana gaban kakarsa, don a san ya yi boko. Koyon Faransanci abu ne mai kyau, haka Larabci, haka Ingilishi. Kowane harshe ƙofa ce. Amma ba a rushe ɗakin kwana don an samu sabuwar ƙofa. A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa kafin su shiga Faransanci. Daga baya aka buɗe irinta cikin Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dalilin shi ne yaro ya fi saurin fahimta da harshen da yake tunani da shi. A shekarar 2025 kuma hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yaron da ke jin kunyar harshen uwarsa yana jin kunyar abin da ya kamata ya riƙe da hannu biyu.

Mutanen jihar Tawa sun daɗe da sanin tafiya ci-rani. Samari sukan tafi Abijan ko Najeriya ko Libiya neman kuɗi. Wasu su dawo da abin kirki, wasu su dawo hannu wofi, don haka nema yake. Abin tausayi shi ne wanda bai samu ba, amma ya ci bashi ya sayi tufafi da babbar waya, ya shigo gari yana taƙama. Kwana kaɗan ya fara sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan ƙannensa sun gani, sun raina garka, sun ƙudura su ma sai sun tafi. Ƙaryar mutum ɗaya ta tashi yara biyar daga makaranta. Wanda ya dawo ya ce wa iyayensa bana ban samu ba, ga abin da na gani a can, ya ji kunya ta yini ɗaya, amma ya kwana ba bashi, kuma maganarsa ta zama abin dogara a gidan.

Abin da wasu ke cewa

Wasu za su ce duniyar yau sai da ado. Wanda ya faɗi aibinsa, mutane su taka shi. Wanda ya iya cika baki shi ke samun wuri. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, don sau da yawa mai cika baki yakan riga kowa shiga. Amma shiga dabam, zama dabam. Gari ƙarami ne, kasuwa kuma mako-mako take ci. Wanda ya sayar da ruɓaɓɓen buhu wannan mako zai dawo mako mai zuwa ya tarar da mutanen da ya cuta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kuma sanin kai bai ce mutum ya hau dandali ya yi shelar asirinsa ba. Kunya da sutura halaye ne masu kyau. Manomi ba ya kiran gari su zo su ga albasar da ya tuge. Abin da ake nema shi ne kada mutum ya yaudari kansa, kada kuma ya sayar wa wani abin da ba shi da shi. Tsakanin rufin asiri da ƙarya akwai tazara mai yawa. Wanda ya sa wankakkiyar riga mai faci ya rufa wa kansa asiri. Wanda ya ari riga ya ce tasa ce ya yi ƙarya.

Wasu kuma sukan juya maganar ta zama mafakar lalaci. A ce wa yaro ya rage faɗa, ya ce ai haka halina yake, ni ba na munafunci. A ce masa ya dage da karatu, ya ce ni na san kaina, ba ni da ƙwaƙwalwa. Wannan ba sanin kai ba ne. Manomin da ya ga ciyawa a fangali ya ce ai haka garkata take, ya koma inuwa ya kwanta, ba a kiransa mai gaskiya, rago ake kiransa. Amfanin ganin yoyo shi ne a hau a toshe kafin ruwa na gaba. Albasar Galmi ma ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. Zaɓe ne na shekaru masu yawa, kowace shekara ana ajiye mai kyau ana yar da maras kyau, har ta zama abin da ta zama.

Yadda ɗan makaranta zai auna kansa

Awon kai ba ya bukatar kuɗi. Da dare, kafin barci, yaro yana iya yi wa kansa tambayoyi kaɗan. Me na koya yau wanda jiya ban sani ba? Me aka koyar wanda ban gane ba, kuma wa zan tambaya gobe? Akwai maganar da na faɗa yau don kawai a yabe ni? Akwai wanda na ɗora wa laifin da nawa ne?

Yana da kyau kuma ya samu mutum ɗaya mai gaya masa gaskiya, ko malami, ko yaya, ko kaka, ko aboki na ƙwarai. Ido ba ya ganin kansa. Abokin da kullum yabo yake yi, daɗin zama gare shi, amma ba a gyaruwa a hannunsa. In an gaya wa yaro aibinsa, kada ya yi saurin musu. Ya kwana da maganar, ya duba ta da safe. In gaskiya ce ya ɗauka. In ba gaskiya ba ce ya ajiye ta, ba tare da faɗa ba, don wanda ya san nauyin buhunsa ba ya rigima da mai kintace.

Daga nan sai ya zaɓi abu ɗaya ya gyara. Ba a tuge ciyawar garka duka a yini ɗaya. Wannan wata ya daina kwafi. Wata mai zuwa ya koyi cewa ni ne na yi, in ya fasa tulu ko ya ɓatar da alli. Da farko zai ji nauyi. A hankali zai tarar zuciyarsa ta yi sauƙi, don ba shi da abin da yake gadi kada a gani. Yana iya duban malam da mahaifi ido da ido cikin ladabi.

A wurin masu albasa babu abin yarwa. Kai a kai kasuwa, lawashi a daka a shanya a yi gabu, a sa a miya lokacin da ɗanya ta yi tsada. Haka kowane yaro yake da abin da zai amfani mutane da shi, ko a aji, ko a garka, ko a maƙera, ko a ɗakin awo na masana'antar siminti. Aikinsa shi ne ya gano abin, ya kira shi da sunansa, ya yi ta gyara shi kowace shekara. In ya yi haka, duk inda ya je za a tambaye shi da sunan kansa, kamar yadda ake tambayar albasar Galmi a kasuwannin bakin teku.

Tambayoyi

1. Me ya sa manoman Nijar suka iya kare sunan albasar Galmi?
2. Don me manomi yake tuge wasu albasu daga garkar iri?
3. Wane bambanci ke tsakanin girman kai da sanin darajar kai?
4. Ta yaya yaron da ya kwafi amsa ya yi kama da mai buga bulon yashi?
5. A bayyana ma'anar wannan karin magana: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
6. Kowane ɗalibi ya rubuta abu biyu da ya iya sosai, da abu ɗaya da yake son ya gyara kafin ƙarshen wata.